Shekarar Da Aka Hana Iya Goya Ni

Duk inda na ji ƙamshin sabulun salo sai zuciyata ta sosu, don hannun Iya nake tunawa. Ba ita ta haife ni ba. Mai sharar firamaren ƙauyenmu ce, can ƙasar Baure, mu yara duka Iya muke ce mata.

Shan inna ya shanye mini ƙafafu tun ina goye. Da hannu nake tafiya, silifa a kowane tafi. Da safe yayana ya kawo ni a keke, ya dire ni bakin aji, ya wuce gona. Karatu bai taɓa ba ni wahala ba, masai ne ya ba ni. Ka dai san masan makaranta, balle da damina. Mai ƙafa ma sai ya tattare wando, ina ga mai shiga da hannun da zai ci tuwo da shi?

Aikin Iya shara ne da cika randa, babu wanda ya ɗora mata ni. Amma da an kaɗa ƙararrawar tara za ta leƙo ta taga. Ta wanke masan tukuna, ta goya ni, ta riƙe kafaɗuna tana kallon bango, ta miƙo buta. In mun fito ta kwance sabulun daga bakin zaninta ta cuɗa mini yatsu.

"Wannan hannun biro ne, ɗan nan," in ji ta. "Ba na rarrafe ba."

Ina aji huɗu aka ƙaddamar da Shari'a. Rediyo na ta cewa yanzu mai rauni zai samu haƙƙinsa, ni kuwa har tafi na yi. Babana ya ce mu gani a ƙasa, in ji kare da aka ce ana biki a gidansu. Ba a jima ba wani mai shago a kwamitin iyaye, wanda gemunsa bai girmi dokar ba, ya miƙe a taro ya ce yaro ya tasa, bai halatta matar da ba muharramarsa ba ta riƙa shiga bayi da shi. Kowa na tsoron a ce ba ya son Shari'a, sai aka amince a hana Iya. Hedimasta ya ce to a samu namiji. Malamai suka ce su alli aka ba su. Maigadi ya ce shi ƙofa aka ba shi. Mai shagon bai ce zai riƙa zuwa ba, babu kuma wanda ya tambaye shi.

Da yamma mahaifiyata ta goya ni har ɗakin Iya.

"Yaya, ki rufa mini asiri," ta ce. "Ki ce kin shayar da shi yana jariri. In ɗanki ne ai magana ta ƙare."

Iya ta ce, "Da wane nonon, ƙanwata? Garin nan kaf an san ban taɓa haihuwa ba."

Ran nan, a fuskar Iya, na fara ganin babba yana kuka ba sauti.

Sai na samo dabarata: na daina shan koko da safe, na daina kusantar randa. Bazara ce, leɓena har tsagewa suke. Iya takan wuce da tsintsiya ba ta ɗago kai, sai dai in tarar da ɗan guntun sabulu a kan taga. Wata rana ƙishirwa ta fi ƙarfina na sha moɗa guda. Ana tsakiyar lissafi abin ya kufce mini, ya gangara ƙarƙashin benci. Aji ya ɗauki dariya. Malam ya toshe hanci ya ce a kira mai shara. Iya ta shigo da tsumma ta durƙusa a gabana. An yarda ta goge fitsarina a ƙasa, an hana ta kai ni inda zan yi shi. Ban sake komawa makaranta ba.

Na girma kafin wani tsohon malamin addini ya ce mini ai larura tana da hukuncinta, addini bai hana ba. "Wa ya tambaye mu?" in ji shi. Ban ji sanyi ba, haushi ma ya ƙaru.

Yau takalma nake gyarawa a tasha. Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta. An gina wa makarantar sabon masai, har da zanen keken guragu a bango, da kwaɗo a ƙofa. Mai shara kuwa babu.

Akwai wata 'yar maƙwabta mai sanduna biyu da ke wuce ni kullum cikin kayan makaranta. Rannan na saya mata koko na miƙa mata. Ta dubi kofin ta haɗiye yawu.

"Na gode, Baba. Ba na sha da safe."

Ban tambaye ta dalili ba.