Igiyar da Na Ɓoye a Jaka

Ko na manta da komai na shekarun aikina, ranar da na tsaya a gaban taron shekara na ƙungiyar nas-nas da ungozomomi a Kafanchan ba za ta fita daga raina ba. A shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, ina ungozoma a wani ɗakin shan magani na mishan kusa da Kachia. Karatuna bai wuce firamare ba.

Wasiƙa ta zo cewa mu biyu ne manyan masu jawabi, ni da wani likita daga Zariya, har an tanadar mini masauki. Ban yi murna ba, domin ina da abin da nake ɓoyewa. Matan ƙauyenmu ba sa iya karanta ranar awo da ake rubuta musu a kati, don haka nakan ba kowace mai ciki igiya mai ƙulli huɗu. Duk Lahadi bayan sujada ta kwance ɗaya, in sun ƙare ta zo awo ran Litinin. Amma igiya mai ƙulli ta yi kama da laya, kuma ma'aikaciyar mishan da aka kama da tsafi ta rasa aiki da suna. Na tabbata ƙarata aka kai.

Maigidana ya ce, "Maman yara, wadda za a kora ba a tanadar mata masauki."

Ban yarda ba. Na roƙi hedimastan makarantar ƙauyenmu ya rubuta mini jawabi da Turanci kan tsabta, babu maganar igiya ko kaɗan. Mako biyu ina karanta wa kajina.

Likita ne ya fara. Ya yi magana mai kyau, sai dai ya ce matan ƙauye ba su damu da awo ba. Kowa ya gyaɗa kai. Wannan magana ta sosa mini rai, don na san matan da ke tako mil biyar da tsohon ciki.

Da aka kira ni, na buɗe takardata. Na karanta layi ɗaya sau biyu, na tsaya. Shugabar taron, wata tsohuwar sista, ta ce a hankali, "Mama, ki yi da Hausa. Duk nan da ita muke addu'a."

Har yau ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ajiye takardar, na ciro igiya daga jakata, na ce, "Likita, ranka ya daɗe, sun damu. Kalanda ce ba su da ita." Na bayyana komai.

Wani nas daga bayan zaure ya ce, "Mama, anya ba a tofa wani abu a ƙullin ba?"

Abin da nake tsoro ke nan. Na kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya a gabansu, na miƙa masa. "Ɗana, duba da kyau. In ka sami wani abu ban da dattin hannuna, ka kai wa fasto."

Zauren ya ɗauki dariya. Likita ya taso, ya karɓi igiyar, ya juya ta. Ya ce, "Mama, na janye maganata. Ki koya mini ƙullin, ɗalibaina za su gani."

Na koya masa a kan babban tebur, sau uku kafin ya iya.

Har yanzu ni mai fargaba ce, nakan koma in duba ƙofa bayan na kulle. Amma ranar ta koya mini cewa aikin da na yi da gaskiya bai kamata in ɓoye shi a jaka ba.