Tatsuniyar da Iya Ba Ta Taɓa Rufewa Ba

A unguwar Rusaifa ta Makka na tashi, cikin shekarun sittin, a wani gidan haya mai ɗaki biyu. Bayan magariba, in zafin Makka ya ɗan sassauta, Iya Ladi, mahaifiyar babana, takan hau kan soro ta hura gawayi, ta aza kasko tana suyar gyaɗar da za ta sayar wa alhazai. Mu jikoki sai mu kewaye ta, ba don Allah ba, don gyaɗar da ta ƙone, domin ita ce ladan mai sauraro.

"Yalla, ku matso, Larabawan ƙarya," in ji ta, don Hausarmu duk ta cakuɗe. "Ga ta nan, ga ta nanku."

Akwai tatsuniya ɗaya da ba Gizo ba Ƙoƙi. Wai Dodo ne ya aiko wani ƙauye a kwaso masa samari majiya ƙarfi, zai kai su yaƙi a bayan teku, ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, itatuwa sun tare rana. Wata mata tana da 'ya'ya maza biyu. Da ta hango 'yan aike, sai ta tura ɗaya cikin rumbu ta lulluɓe shi da dawa. Ɗayan aka tasa ƙeyarsa, ko fartanyarsa bai ajiye ba. Nan Iya take tsayawa. Kowace tatsuniya takan rufe ta da ƙurunƙus, ban da wannan. In mun tambaya ko ya dawo, sai ta ce, "Ba a gama ba tukuna."

Ina 'yar shekara tara, bakina ya fi reza. Wata rana ta zo wurin tsayawar, sai na ce, "Wallahi Iya, wannan uwar muguwa ce. Ɗaya ta fi so. Da ni ce ɗan da aka tafi da shi, har abada ba zan yafe mata ba."

Hannunta ya tsaya cak. Ta zura wa garwashi ido har hayaƙi ya tashi daga kaskon.

"Haka ne, 'yar nan," ta ce. "Halas, shi ke nan, ku kwashe ku sauka."

Gyaɗar gaba ɗaya ta ƙone, duk ta zama tamu. Muka yi ta murna, kuma ni na fi kowa ci. Daga ranar ba ta sake yin wannan tatsuniya ba, ni kuwa ko a jikina.

Sai bayan rasuwarta, na riga na yi aure, na tambayi babana abin da ya sa Iya takan tare tsofaffin alhazan Najeriya tana cewa, "Malam, ka je Bama?" Abin yakan ba ni kunya a gaban ƙawayena.

"Wana take nema, Ɗanlami," ya ce. "Lokacin yaƙin duniya na biyu Turawa suka ɗauke shi soja, suka kai shi ƙasar Bama, can bayan teku. Rumbun namu mutum ɗaya yake ci, ni ne na fi kusa da hannunta. Da ta gaji da jira muka biyo ta Chadi da Sudan, don ta ce duk Musulmin da ke raye wata rana zai zo Makka."

Ashe ba sayar da gyaɗa kaɗai ke kai ta cikin alhazai ba. Ashe kuma abin da ta shekara ashirin tana tsoron ji daga bakin ɗanta, ni na faɗa mata, baki cike da gyaɗarta.

Na yi mata ɗawafi ban san iyaka ba, amma nauyin bai sauka ba. Yanzu ni ke yi wa jikokina wannan tatsuniya, rabi da Larabci. In sun tambaya ko ya dawo, nakan ce ban sani ba, amma ya yafe wa uwarsa tun kafin a fitar da shi daga gari. Ba ni da tabbacin haka. Na dai san ita ce maganar da Iya ta zauna jira a gaban kaskon nan, kuma da na faɗa mata, da ta ce ƙurunƙus.