Geron da Ba a Lissafa Ba

Da yawa muna zaton in kwamfuta ta ce gini zai tsaya, magana ta ƙare.

Jiya a Kurfi muka tsaya ƙarƙashin wani bene da ya tsage, ni da tsohon ɗalibina Injiniya Sanusi. Shi ya zana ginin. Ya ce:

"Malam, wallahi na rarraba kankaren nan ƙanana-ƙanana a kwamfuta, na lissafa kowane yanki. Ba ta nuna haɗari ba."

"Nauyin me ka ɗora masa?"

"Mutane da gadaje."

Mai gidan ya ce, "Wane gado, ɗana? Geron da na noma a ƙauyen Wurma na jibge a sama. Ka tambaye ni?"

Iyalinsa duka a ƙasan suke kwana. Mun kwashe su, benen kuwa sai dai a rushe shi.

Ɗalibaina, a aikinku na gaba ku tambayi mai gida me zai ajiye a sama bayan kaka. Ku kawo mini amsarsa nan.