Ranar da Yaya Asabe ta ƙi yafe min

Shekara arba'in ina haɗiye maganar nan. Yau dai ta ƙi haɗiyuwa.

Lokacin ina bazawara, shekarata ashirin da uku, ina naɗe alewa a wani kamfani a Sharaɗa. Wata Laraba da rana mai duba aikinmu ya aike ni sito. Ya biyo ni, ya rufe ƙofa.

Fyaɗe ya yi min. Sunan abin ke nan, na gaji da kewaye-kewaye.

Na gaya wa yayana. Ya ce, "Rufa mana asiri. Ke bazawara, wa zai yarda?"

Washegari na koma aiki, mutumin na tsaye yana amsa gaisuwa.

Barci ya ƙaurace min, abinci ma ya fita raina. In na ji an rufe ƙofa jikina ya ɗau rawa. A gida aka ce iska ce, aka yi ta yi min turare. Ba wanda ya ce, "Binta, me ya same ki?"

A wata na huɗu na yanke shawarar kashe kaina. Na rabar da zannuwana. Na bi gida-gida a Ɗorayi ina neman gafara. Wallahi yaba ni aka yi ta yi! "Kai, Binta ta nutsu." Kowa ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ci gaba da harkarsa. Ina sallama da duniya, ana sa min albarka. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ta ƙarshe ita ce Yaya Asabe, dattijuwar da muke teburi ɗaya a wurin aiki. Muna cin abincin rana na ce ta yafe min.

Ta ajiye kwanonta. "Makka za ki?"

Na ce a'a.

"To ban yafe ba. Zauna nan. Kashe kanki kike shirin yi?"

Na fashe da kuka, na gaya mata komai. Ta bar aikin, ta riƙe hannuna gam har asibiti.

Sati uku ina kwance. Awon jini, awon fitsari, ƙwaya safe da yamma mai busar da baki. Tsorona a ce na haukace. Likitan ya ce, "Ciwo ne, yana da magani. Laifin kuma ba naki ba ne." Bayan sallama, duk sati biyu na ɗau katina na bi layi. Sai da na kusa shekara kafin abinci ya yi min daɗi.

Ni aka kora saboda fashin aiki. Shi kuwa mai duba aikin ya yi ritaya lafiya lau.

Alhamdu lillahi, na warke, ga jikoki. Allah ya ji ƙan Yaya Asabe.

Jama'a, in mace ta zo neman gafara, ba tafiya, ba rashin lafiya, ku zaunar da ita ku tambaye ta kai tsaye. Kada ku bar ta ita kaɗai, ku kai ta asibiti a ranar. Ke kuma 'yar uwa, ki faɗa. In na farko ya toshe miki baki, nemi na biyu.

Shi kuwa wancan, ban yafe masa ba. Kada wanda ya zo min da wa'azi a ƙasan rubutun nan.