Kaset ɗin da na yi wa Mama magana a kansa

Ina wankin kayan jaririyata a bakin famfo, a gidan hayarmu na unguwar Nasarawa a Kaduna, maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ta leƙo da rediyo a hannu.

"Maman Bebi, tsohon nan mai molo ba ɗan garinku ba ne? Yanzun nan suka ce ya rasu."

Na ce wane? Ta faɗi sunansa. Na tsaya da kumfa a hannu, famfo yana ta zuba.

Shi ne yake zuwa gidanmu duk shekara in an gama haƙar citta. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, Mama ta ɗora gwaten acca, mu yara mu yi ta rawa har mu faɗi. Shekarar da Baba zai rasu, yayana ya zo da rikoda ya ɗauki waƙar. A tsakiya tsohon ya kira sunan Baba, Baba ya fashe da dariya ya ce, "Ƙara!" Iyakar muryar Baba da ta rage mana ke nan. Da zan taho Kaduna aure, yayana ya ba ni kaset ɗin, ya ce in riƙe da kyau.

Sai na tuna abin da na yi jiya. Mama ba ta karatu, ni ma rubutuna bai da nisa, don haka a kaset nake mata magana, direban garinmu ya kai. Jiya Bebi tana ta zawo, hankalina a tashe, na zaro kaset a kwali ban duba ba, na sa a rikoda na danna jan maɓallin ɗaukar magana.

Na ruga ɗaki na kwance ledar saƙon. Ga rubutun yayana a jikin kaset ɗin.

Na kunna. Muryata ce ta fito: "Mama, ina wuni, yarinyar nan ta ƙi nono." Na gaida wannan, na gaida wancan, har awaki na tambaya.

Maman 'Yan Biyu tana bakin ƙofa ta ce, "Kai, ke ma da surutu, sai ka ce fasto ranar Lahadi!" 

Ina zaune a ƙasa ina roƙon kaina in daina magana a kaset ɗin. Can na ji na ce sai an jima, aka yi ƙwas, molo ya shigo. Na san waƙar baiti-baiti. Ta riga ta wuce wurin Baba.

Na mayar baya sau uku. Daidai inda yake dariya, ni ce nake tambayar maganin haƙori.

Da mijina ya taso daga kamfani a Kudenda, ya juya kaset ɗin ya nuna mini wata 'yar roba a gefensa da ake ɓallewa don kada a goge abin da ke ciki. Ban taɓa sanin da ita ba.

Washegari direba ya zo karɓar saƙo. Na ce ya gaida Mama da baki, kaset ba zai tafi ba.