Bai Ce Lafiya Lau Ba

Akwai wata safiya a bironmu, wato ofishinmu, na Arlit da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da zan tsufa in manta sunayen jikokina.

Lokacin ina sabuwar ɗauka a wani ƙaramin kamfani mai kafa farantan sola da gyaran fanfunan rijiya. Mu huɗu ne a biro, sauran ma'aikata suna warwatse: ɗaya a Assamakka, biyu wajen Imouraren, sai wani dattijo ɗan Abzin da ke kula da fanfunanmu a Tchibarakaten, can wajen masu haƙar zinariya. Kowa Baba yake ce masa. Aikina shi ne in tattara rahotonsu kowace safiya a gurup ɗinmu na waya.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da gaggawa, tun a gida Damagaram ake ce mini "wuta a kara". Na tarar da al'adar da mai kamfanin, Alhaji, ya kafa: ba a maganar aiki sai an ɗora shayi, an gaisa da na nesa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya fi kowa. Sai ya hau tudu neman rezo, wato sabis ɗin waya, ya aiko murya ta minti uku: "Ɗiyata, ka kwana lafiya? Ina gajiya? Ina zafi? Ina mutanen Damagaram?" Hausarsa ba ta raba mace da namiji, "ka" yake ce mini, in yi ta dariya. Sai can a ƙarshe ya ce fanfo na tafiya.

Da Alhaji ya tafi Yamai neman maganin ƙafarsa, ya bar mini gurup ɗin. Ai kuwa sai na samu fili. Na rubuta cewa daga yau rahoto kawai, a taƙaice, gaisuwa a bar ta sai Juma'a. Har ina jin kaina, wai na kawo tsari! Kowa ya bi, har ta Juma'ar ma aka daina. Baba ma ya bi, muryarsa ta koma ta daƙiƙa biyar: "Fanfo na tafiya." Wata guda ana haka, ni kuma ina murna aiki ya yi sauri.

Ranar da Alhaji ya dawo, ya zauna a tabarmarsa, aka zuba shayi, ya ce in kunna masa muryoyin safiya. Ya saurara, ya dube ni ta saman tabarau. "Ƴar nan, mutuwa aka yi ne? Ina gaisuwa?" Na fara kawo masa hujjoji na ɓata lokaci. Sai ya ce in kira masa Baba, in buɗe murya kowa ya ji.

Muka yi sa'a yana kan tudu. Suka shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina aiki, Baba yana ta amsawa da lafiya lau. Da Alhaji ya ce, "Ina iyali?" sai Baba ya ce, "Mun gode Allah." Ni ban ji komai a ciki ba. Amma Alhaji ya ajiye kofin shayinsa, ya ce da mu a hankali, "Bai ce lafiya lau ba." Ya matso da wayar bakinsa. "Abokina, wa ke kwance?"

Sai Baba ya ce, "Tsohuwa ce. Sati uku ba ya tashi."

Matarsa yake nufi. Kuma gidansu a nan Arlit yake, tafiyar minti goma daga inda nake zaune. Mutanensa ba sa kai kukansu ga kowa, kunya ce babba a wurinsu mutum ya buɗe baki ya roƙi hutu don damuwarsa. Sai an tambaye shi, sannan a saurari yadda ya amsa. Ƙofa ɗaya ce yake da ita ta faɗar halinsa, ni kuma na rufe ta da hannuna. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na karɓi wayar. "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Ya ce, ba da faɗa ba, har da ƴar dariya, "Ɗiyata, ai ba ka tambaya ba."

Alhaji ya sa aka nema masa wuri a motar da ke fitowa ranar, ya tura wani ya riƙe fanfunan. Hanyar ba ta kwana ɗaya ba ce, kuma ba wanda ya san ko zai iske matarsa da rai. Ni dai ban jira an aike ni ba, na dama kunu na nufi gidan. Na same ta ta rame ƙwarai, amma idonta na nan da wasa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ne mai rahoto? Ya ce kana da kirki, sauri ne kawai ya yi maka yawa." Nan na fashe da kuka, ita mara lafiyar ce ta koma tana lallashina.

Kullum ina can har ya iso, da ƙurar hanya a rawaninsa. Ya iske ta. Kwana tara suka yi tare, shi yake ba ta ruwa da cokali, kafin Allah Ya karɓi abarSa. Har yau in na tuna cewa da Alhaji ya ƙara mako biyu a Yamai da ba su gana ba, sai jikina ya yi sanyi.

Yanzu ni ke riƙe da biron, ma'aikatan nesa sun ninka na da. Duk sabon da ya zo yana ƙorafin gaisuwarmu ta yi tsawo, sai in zaunar da shi, in zuba masa shayi, in kunna masa wata tsohuwar muryar Baba da na adana, minti uku cur, fanfo bai shigo ba sai a ƙarshe. Na koyi cewa wanda ke nesa ba ka ganin fuskarsa, gaisuwa ce kaɗai idonka a kansa. Shi ya sa kowace safiya nake tambayar iyalin kowa, in yi shiru, in jira in ji ko zai ce lafiya lau.