Madam Nnenna da Hantar Bijimin Walima

Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kullum kafin rana ta fito, Madam Nnenna ta baro gidanta a Samaru, ta shiga motar Sabon Gari, ta sauka a bakin kwata. Takalmin roba, farar riga, wuƙa guda. Aikinta duba nama kafin ya shiga kasuwa, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. A zamanin En'e, idan duba-gari ya yi ritaya, iyayenmu kan taru su gode masa a bainar jama'a. Ban ga dalilin da zai sa mu gaza su ba.

Haifaffiyar unguwar Muchia ce, Hausarta ta Zazzau ce tsantsa. Mahauta kan tsokane ta da cewa ita ce likitar da ba ta duba mara lafiya sai an yanka shi. Takan ce, “Ai ku kuka ƙi kawo mini su da rai.”

Hanta take fara nema. Sai ta shafa babban ɓangaren da ƙaramin, ta juya ta, ta duba matsarmamar da ke manne a ƙasa, sannan ta tsaga hanyoyin da ruwan ɗaci ke bi, ko tsutsa ta yi gida a ciki. Dalilinta a fili yake. Duk abin da dabba ta ci ko ta sha, jini kan kwaso shi daga hanji ya kai wa hanta. Ita ke tace guba, ita ke adana sukari domin lokacin yunwa, ita ke haɗa ruwan ɗacin da ke narkar da kitse. Cutar da ƙiba da sheƙin fata suka ɓoye, sau da yawa a nan take bayyana.

Lokacin da aka turo ta kwata tana budurwa, mahauta sun ƙi yarda mace ta taɓa musu nama. Alhaji Uba, dattijon da duk suke jin maganarsa, shi ya tsaya mata har suka saba.

Shekarun baya Alhaji Uba ya tashi aurar da autarsa Fauziyya. Da hannunsa ya yi kiwon bijimin walima, har mutane na zuwa kallo. Da safiyar ɗaurin aure aka kayar da shi. Suhail mai fiɗa, wanda aka yi abin a gabansa, ya ce da Madam ta sa wuƙa a hantar sai aka ji ƙaras, kamar ta taɓa tsakuwa. Ƙuraje ne rawaya masu tauri. Ta duba huhu, ta duba kaluluwa, duk haka. Tarin fuka ya bi jikin dabbar. Ƙa'idar kuwa sananniya ce: tsutsa, hantar kaɗai ake zubarwa; wannan, ba a ɗaukar ko tsoka.

“Baba, zo ka gani,” in ji ta.

Ya leƙa. “Na gani. Yar da hantar, 'yata, a ɗauki sauran.”

“Ba hantar kaɗai ba ce. Ya bi jiki duka.”

“Ai wuta za ta cinye shi.”

“Matan da za su yanka shi a gida fa? Da tsiren da ba ya nuna har ciki? Jikokinka ne za su fara miƙa hannu.”

“Nnenna, ni na tsaya miki a wurin nan ranar da babu mai amsa gaisuwarki.”

“Ban manta ba, Baba. A kan wannan aikin ka tsaya mini.”

Madam ba ta da ɗan sanda, ba ta da sanda. Da Alhaji ya ce a ɗauka, da an ɗauka, kuma daga ranar babu mahaucin da zai ƙara saurarenta. Ta san haka. Ta ɗora tafinta a kan cinyar bijimin, ba ta ɗaga ba.

Can Alhaji Uba ya gyara hularsa ya ce, “A haƙa rami.” Ya juya ya fita.

Mahauta suka haɗa ɗan abin da ya samu daga teburansu aka yi walima. Ina cikin waɗanda suka ci. Naman bai wadata ba, kuma an daɗe ana gulma a gari cewa an je biki gidan mahauci an dawo ana neman tsoka a cikin shinkafa. Wannan magana ta yi wa dattijon ciwo. Tun daga ranar, in sun haɗu sai ta rusuna ta gaishe shi, shi kuwa ya kau da kai. Ba ta taɓa fasa gaisuwar ba.

Madam Nnenna, ke ce kika zaɓi lafiyar baƙin da ba su san sunanki ba a kan fuskar mutumin da kika ɗauka uba. Ke ce mai hannu a kan cinya. Mun ci, mun koma gidajenmu lafiya, ba mu san abin da kika rasa domin mu ba. Yau mun sani, mun kuma gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai albarka. Matasan da za su gaji wuƙarki, su gaji tsayuwarki tare da ita.

Saura kai, Alhaji Uba. Tare muka taso, shi ya sa zan faɗa maka a fili. Dattawan da muka gada, in gaskiya ta kayar da su, sukan tashi su riƙe hannun wanda ya faɗa musu ita. Bakinka ne ya ce a haƙa rami, saboda haka rabin wannan jinjina taka ce. Ranar Asabar za a yi mata bankwana a bakin kwata. An ajiye maka kujera a sahun gaba, kuma na gaya wa yara kada kowa ya zauna a kanta.